Tayoyin Yaya da Hajjin Inna

Shekarar da sunan Inna ya fito cikin masu zuwa Hajji, babu wanda ya kai ni rawar kai a ƙauyenmu. Na wanke mata kaya, na soya mata nama, na ba kowa labari har da waɗanda suka riga ni ji. Hajji ya faɗo cikin damina a lokacin. Bas ɗin maniyyata zai tashi daga birnin Madani da hantsi zuwa bakin teku, inda jirgin ruwa yake, kuma ba ya jiran kowa. Wanda ya rasa shi ya rasa shekarar. Inna kuwa gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ba mu da tabbacin za ta iya a wata shekarar.

Tsakaninmu da kwalta akwai hanyar da ta bi gefen tur'a, babbar magudanar ruwan gonaki. Da damina baƙar laka ce zalla, irin wadda take cire maka takalmi ta riƙe abinta. Wanda zai fitar da mu shi ne Yaya, babban wana, mai boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya da yake kai tumatir da albasa kasuwa. Yaya gara ka zage shi da ka kushe motarsa.

Sai ga Kawu, ƙanin Inna. Sana'arsa yanka takalma daga tsofaffin tayoyi, waɗanda Larabawa ke kira tamut takhalli, wato ka mutu ka bar su. Duk motar da ta tsaya a ƙauyen sai ya zagaya ta yana leƙen ƙafafunta kamar mahauci a kasuwar awaki. Ana gobe tafiya ya durƙusa bayan boksi, ya shafa tayar, ya girgiza kai.

"Ɗana, wanga lastik ya mutu. Shi da ɗan'uwanshi."

Yaya ya kwashe da dariya. "Kawu, faɗi gaskiya. Takalma nawa ka auna a ciki?"

Kowa ya yi dariya, don kowa ya san halin Kawu. Ya nuna inda zanen ya cinye har ya yi daidai da 'yan ƙullutun da ke cikin ramukan, ya nuna tsattsagewar gefe, amma wa zai saurari mai jiran gawa? Ni dai na sa baki da ƙarfi, ina goyon bayan Kawu. Yaya ya juyo ya ce, "Ke kuma mi kinka sani ga mota?" Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Inna tana kan tabarma tana jin mu. Ta miƙe da butarta, ta zo ta tsiyaya ruwa a ƙasa gaban tayar gaba, ta tsiyaya gaban ta baya, ta jira ƙasar ta sha.

"Shiga ka matsa kaɗan," in ji ta.

Ya matsa. Muka taru muka sunkuya. Ta gaba ta bar zane raɗau, kamar na bayan ƙwarya. Ta baya kuwa sumul, sai ka ce da tafin hannu aka shafe wurin.

"Ta gaba tana rubutu, ta baya shafewa takai," Inna ta ce. "Kalas, magana ta ƙare. Ni ba ni shiga."

Yaya ya faɗa mota. Ya buga ƙofa, ya tayar da ƙura sai Madani, wurin masu banshar, masu gyaran taya. Kafin magariba ya dawo da sababbi guda biyu, baƙi wuluk, da 'yan gashin robarsu a tsaitsaye. Na tsuguna ina shinshina su, wallahi ƙamshinsu ya fi mini turare a ranar. Kawu kuwa ya gangara da tsofaffin gida yana murmushi, shi ya sa har yau ba a rabu da gardamar ko tausayin 'yar'uwarsa ne ya sa shi magana ko kwaɗayi. Ni na ce duka biyun.

Da gari ya waye sai ruwa, kamar da bakin ƙwarya. Yana tsagaitawa muka ɗuru: Inna a gaba cikin farin tob, dogon lulluɓin nan na mata, mu mata a baya, ina rungume da jakarta. Muka hau gefen tur'a ana guɗa. Ba mu yi nisa ba muka tarar da wata babbar mota ta nutse har ciki, direban yana zaune a kanta ya yi tagumi. Yaya ya ratse ta gefenta. Nan fa gindin boksi ya fara zamewa, a hankali, yana nufar ruwa. Guɗa ta koma salati. Na ga jan ruwan tur'a dab da gwiwata, na ƙanƙame jakar kamar ita za ta cece ni.

Sai tayoyin suka ciji ƙasa. Na ji shi a jikina, motar ta yi wata girgiza ta miƙe. Laka ta yi sama ta zubo mana a ka, a baki, ko'ina. Muka ɓarke da ihu da dariya, wata gwaggona tana dukan rufin motar tana cewa, "Ja, ɗan albarka, ja!" Ban taɓa jin daɗin cin laka ba sai ranar. Da muka hau kwalta Yaya ya danna hon bai saki ba, ni kuma na yi guɗa har muryata ta dushe.

Mun iske bas ɗin a kunne, ana kiran sunan Inna. Da ta sauko sai na ga gefen farin tob ɗinta duk laka, don ta ƙi rufe gilashi. Na jiƙa bakin mayafina na durƙusa zan goge mata.

Ta riƙe hannuna. "Bar ta, ɗiyata. Babana daga Sakkwato ya taso da ƙafa za shi Makka, a nan ƙarfinshi ya ƙare. Cikin ƙasar ga yake kwance. Bari in ƙarasa da ita Makka."

Ta hau, ta zauna jikin taga, ta tattara gefen tob ɗin ta ɗora a cinyarta. Bas ya ja. Na tsaya da jiƙaƙƙen mayafi a hannu ina dariya, hawaye na wanke mini lakar fuska.