Kututturen da Na Kafa Uwar Maƙera a Kansa

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Asabar ne, kwanaki kaɗan bayan saukar ruwan farko. Mu biyar ne a wurin: ni, da ɗan gwaggona wanda zai riƙe mini zuga-zugi, da Baba mai dajin, da wasu manoma biyu da suka kawo kayan aikinsu gyara. Abin da ya faru a safiyar nan ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi. Amma bari in bi shi daki-daki, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. A zauren gidanmu cikin garin Daura na koyi ƙira. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, zauren ya faɗa a rabon wana, shi kuwa ya mayar da shi shagon cajin waya. Ban yi rigima ba, haƙƙinsa ne. Na ɗaure kayana a buhu. Duk inda na nemi wuri a cikin gari sai a ce mini hayaƙi zai dame su, ko ƙarar guduma za ta hana yara barci. Haka na koma taya wasu aiki a maƙerarsu, ni da nake da iyali, ni da furfura ta fara fito mini.

Baba abokin mahaifina ne. Yana da daji nasa na kansa a hanyar Baure, kusa da wani ƙauye. Asalinsa gonar gado ce, ya bar itatuwa suka cika ta: gawo, marke, aduwa, kanya, da ƙirya jefi-jefi. Da na je masa da buƙatata ya saurare ni har na gama, sannan ya gindaya mini sharuɗɗa. Na farko, in share ciyawa kewaye da maƙerar saboda tartsatsi. Na biyu, gawayi sai daga busassun rassan da suka faɗo da kansu. Na uku, kuma a nan ya ɗaga yatsa, duk ranar da itace mai rai ya mutu ta dalilina, ranar zan kwashe kayana. Na ce na yarda. Ya ce in zaɓi inda ya yi mini, shi zai tafi Mashi jinyar ƙanensa.

Na zaga dajin, sai na ci karo da wani kututturen ƙirya kusa da hanya. Faɗinsa ya kai faifai, samansa ya yi fari ya tsattsage, babu ganye ko ɗaya. Duk maƙeri ya san darajar wannan. Uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga, tana son gindi mai tauri wanda ba ya rawa, ga shi kuwa na samu wanda jijiyoyinsa ke riƙe da ƙasa. Na ƙwanƙwasa shi da guduma, ya amsa kamar busasshe. Na gode Allah.

Da farko na share fili. Bayan haka muka kafa rumfa, ni da ɗan gwaggona. Daga nan na fafe tsakiyar kututturen na kafa uwar maƙera, na buga ta har ta zauna daram. A ƙarshe na gina murhu da laka dab da ita, yadda ina zaune hannuna zai kai wuta ya dawo kan ƙarfe. Na bar lakar ta bushe a hankali don kada ta tsage. Ana cikin haka ruwa ya sauka, manoma suka fara leƙowa suna tambayar yaushe za a hura wuta, don shuka ba ta jira.

To, mun dawo safiyar Asabar. Baba ya dawo daga Mashi daren Juma'a, bai riga ya ga aikin ba. Yana tsaye daga bakin rumfa yana gaisawa da manoman. Ni kuwa na durƙusa ina jera gawayi a murhu. Ina juyowa in ɗauki awartaki, idona ya faɗa gindin kututturen. Wani ɗan toho ne kore shar, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ya ɓullo daga jikin ɓawon ta gefen murhu. Kututturen yana da rai. Idan na hura wuta a nan, kafin azahar tohon ya ƙone, kafin kaka gindin ya bi shi.

Ɗan gwaggona ma ya gani. Shi abokin wasana ne, bakinsa ba ya hutawa. Sai ya matso kamar zai gyara zaman zuga-zugi, ya ɗora takalminsa a gaban tohon ya kare shi, ya sunkuyo yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce idon tsoho ba ya ganin allura balle wannan, in hura wutata kawai, zafi zai gama aikin ba da hannuna ba.

"Sarkin maƙeran da ba shi da maƙera," in ji shi, "kana so ka koma riƙe wa yara awartaki ne?"

Maganarsa ta shige ni, don gaskiya ce. Na tuna buhun kayana a bayan ƙofa. Amma ni aka gaya wa sharaɗin, ba shi ba, kuma da bakina na ce na yarda. Na ce masa ya ɗaga ƙafarsa. Ya dube ni. Na sake faɗa. Ya ja baya yana girgiza kai.

Na kira Baba. Ya dogara sandarsa ya durƙusa da ƙyar, ya daɗe yana kallon tohon bai taɓa shi ba. Ya tambaye ni me zan yi. Na ce zan cire uwar maƙera, in rushe murhun. Ya miƙe ya kama hanyar gida.

Na ɗauka ke nan an sallame ni. Ɗaya daga cikin manoman ya ɗaure fartanyoyinsa a bayan babur ya ce zai kai su Daura, ban ga laifinsa ba. Ɗayan ya tuɓe riga ya tsaya. Cire uwar maƙera ya fi kafa ta wuya. Da gatari ne da tuni an gama, amma ba na son gindin ya tsage. Muka riƙa jijjiga ta kaɗan-kaɗan, ɗan gwaggona yana ja yana mita, wai bai taɓa ganin ƙatti uku suna lallashin kututture kamar amarya ba. Da ta fito na cike ramin da laka da kashin shanu. Na rushe murhun da hannuna. Muka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki.

Bayan la'asar ina ɗaure buhu, sai na ji ƙarar amalanke. Baba ne zaune a kai, shanu biyu suna ja. A bayansa akwai wani gungumen ƙirya busasshe, baƙi ƙirin, wanda ya daɗe a ajiye a bayan rumbunsa. Ya sauko ya nuna kututturen da sanda. Ya ce masu satar itace don gawayi ne suka sare wannan ƙiryar bara, tun daga lokacin ya daina bi ta gefen nan don ba ya son ganinta. Ya ce duk dajin nan bai dasa ko ɗaya ba, daga irin waɗannan kututture ya raine su, toho bayan toho.

"Kwance buhunka, ɗana," ya ce. "Wannan da na kawo ya mutu, ni ne shaida. Ka matsa can inda iska ba za ta kai masa zafi ba."

Muka sake aikin daga farko: shara, rumfa, rami don gungumen, murhu. Aikin gyaran kayan shuka na shekarar ya wuce ni, amma na samu na noma da na girbi. Manomin da ya tsaya shi ya baza labarin a ƙauye, kuma har yau daga can mafi yawan masu kawo mini aiki suke.

Yanzu ƙiryar ta zarce rufin rumfata. Da rana ta yi zafi, a inuwarta masu jiran gyara suke zama, ɗan gwaggona yana gaya musu wai shi ya cece ta. Ina barinsa ya faɗa.

Abin da na koya shi ne, sharaɗin da ka amsa da bakinka yana kanka ko mai shi yana gani ko ba ya gani, kuma ba duk abin da ya bushe a ido ne ya mutu ba. Don haka ina roƙon duk mai karanta wannan: in akwai kututture a gonarka, kada ka tara masa kara ka cinna wuta da rani. Ka jira ruwa ya sauka, ka durƙusa ka duba gindinsa tukuna.