Albasar Kawu da alamar da na cire

Dashen albasar Kawu ya bushe a ranin da na dawo Mafara da zama, kuma ni na busar da shi, ina zaune a kan tabarma.

Aikina rubuta manhaja ne, irin ƙaramar nan da ke tsakanin kwamfuta da na'ura, mai faɗa wa ƙarfe abin da zai yi. Kawu, wan mahaifiyata, yana noman rani a Bakura. Gwiwa ta fara damunsa, sai na haɗa masa ɗan akwati da zai riƙa kunna famfon sola yana kashewa da kansa. Sau biyu ya tambaye ni ko zai iya barin gonar ya je Maradun zaman makokin amininsa. Na ce ya tafi abinsa.

A aikinmu akwai ƙa'ida. Duk inda aka ajiye abin da bai kamata ya canza ba, kamar lokutan ban ruwa, ana sa wa manunin da ke kaiwa wurin alamar karatu kawai, wato a duba amma kada a taɓa. In ka yi kuskure ka ce a yi rubutu a wurin, kwamfuta sai ta ƙi haɗa aikin. Ta kuwa ƙi, ranar da zan kai akwatin. Mai babur na jira a ƙofar gida, ni kuma kowa ya san ba ni da haƙuri. Maimakon in nemi dalili, sai na cire alamar. Aiki ya wuce sumul, har ina jin na yi wa kwamfuta wayo.

Kwana biyu akwatin ya yi yana aiki. A na uku manhajar ta rubuta sifili a kan lokutan, famfo ya yi shiru. Kawu ya kwana bakwai a Maradun.

Na tarar da shi tsugune a bakin fangali, wato komin da ya dasa albasar. Dashen duk ya kwanta, ya yi fari fat. Wallahi ban ji komai ba, ko kunyar ma ba ta zo ba a ranar. Na buɗe kwamfuta a gindin mangwaro, na mayar da alamar, ta nuna min layin manhajar da ya yi ɓarnar, na gyara. Bai kai minti goma ba.

"Mi yas same shi?" in ji Kawu.

Na yi masa bayani yadda zai gane, har da ƙin da kwamfuta ta yi da alamar da na cire. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Ashe ta gaya maka, ɗana."

"Ta gaya min, Kawu."

Ya ce to. Ya ci gaba da tuge busasshen dashen yana tarawa gefe, ni kuma ina tsaye riƙe da akwatin da yanzu lafiyarsa ƙalau.