Inuwa a Ƙofar Tasha

Aikin nan ya ba ni wahala, kuma har yau bai gama da ni ba. Wani ma'aikacin meri, wato ofishin magajin gari, ne ya ce in ɗaukar masa hotunan garinmu Matamaye, baƙi-da-fari, za a rataya a ofis: babban masallaci, bakin kasuwa, tasha, shaton ruwa, wato babban tankin ruwan gari. Sharaɗinsa ɗaya, kada mutum ya fito a ciki. Gini kawai.

To ina za ka sami ƙofar tasha ba mutum? Sai in tsaya cikin rana da kyamara ina korar jama'a kamar mai gadin shanyar gero. In kori mai ƙosai, mai jaki ya shigo.

Ƙanena a lokacin amalanke yake turawa a tashar. Da ya ga na saita, sai ya zo ya tsaya gabana, ya gyara hula.

"Yaya, ɗauke ni mana."

"Kauce, kai da wannan kai naka kamar tulu. Za ka ɓata wa gwamnati bango."

"Bangon ne zai yi maka salla ran da ka mutu?"

Direbobi suka yi dariya. Na daka masa tsawa, ya matsa gefe yana dariya shi ma, na danna.

Bayan damina biyu ya bi ayarin mutanen Kance zuwa Aljeriya. Waɗansu sun dawo. Shi an ce motarsu ta tsaya cikin rairayin hamada, iyakar abin da muka ji ke nan. Ba gawa, ba kabari.

Bara idon Inna ya fara hazo. Ran nan da la'asar na shiga gaishe ta, ta ce, "Kai da ka ɗauki duk garin nan, kawo mini fuskar ɗan'uwanka in gani tun ina iya gani."

Na koma shago na zazzage akwati. Na ga amaren mutane, na ga alhazai, na ga ɗaruruwan kawuna na katin shaida. Nasa babu. Kullum gani nake yana nan, gobe ma rana ce.

Can na kai ga hoton tashar. Ƙofa a buɗe, fili fayau, kamar garin da annoba ta share. A ƙasa, ta gefen dama, ga inuwar mutum doguwa, da hula a karkace, hannu ɗaya a kan amalanke. Bai yi nisa ba ashe. Taki ɗaya kawai ya matsa, yana jira in kira shi.

Na yi tunanin in ce mata ruwa ya ci hotunan.

Washegari da safe na goge hoton da bakin riga, na same ta a tsakar gida inda haske ya fi. Na ce, "Inna, fuskarsa babu. Ni na kore shi." Sannan na kama yatsanta na ɗora a kan inuwar hular.