Bangon Gabas na Gidan Mai Fatu

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, wani mai fataucin fatu a nan Dutse ya gina gida a gindin duwatsu, ya aiko a kira ni. A lokacin aikina zanen cikin ɗaki ne. In shafe bango da farar ƙasa, in dama jar ƙasa da gawayi da ruwan ƙaro, in zana dagi da sawun tsuntsu. Karatu bai karɓe ni ba, amma hannuna ba ya rawa.

"Ba ɗaki nake so ba," in ji shi. "Fuskar gidan gaba ɗaya, daga ƙofar zaure har sama. Wanda ya taso daga Kiyawa ya hango."

Na ce to, tun kafin in ƙare wa bangon kallo.

Magina suna zaune a inuwa suna ji. Ubana manomi ne, ba magini ba, kuma ba su taɓa yafe mini wannan ba. Babbansu ya ce, "Mai zanen ɗakin mata zai hau tsani? Ku riƙe masa, jama'a." Sun san gabas bangon yake kallo, sun san daga gabas ruwa yake dukanmu. Ba wanda ya gargaɗe ni. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Babban bango maƙaryaci ne. Abin da ka zana a gaban hancinka ka ga ƙato ne, in ka sauko ka tsaya a gindin dabino sai ka ga kamar ƙuda. Haka na yi ta hawa da sauka har ƙafafuna suka kumbura. Da na gama, mutane har daga ƙauye suke zuwa kallo.

Ruwan farko ya wanke shi tas. Ƙaro dai ba ya jure ruwa, ni kuma duk aikina a ƙarƙashin rufi na saba yi. Ja da baƙi suka gangara kwata.

Maigidan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baƙina na Kano suna tafe. Ka gyara, ko in sa magina su shafe." In suka shafe, ko ɗakin kaji ba wanda zai ƙara ba ni.

Goggona ce ta same ni a gindin bangon. Tsohuwa ce, sana'arta daɓen ƙasa.

"Ƙaro a waje? Kai ɗan nan, akuyata ta fi ka dabara."

"Goggo, ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Tsakar gidan da muke daɓewa, rufi gare shi? Makuba muke yayyafa masa. Jeka tara ɓawon ɗorawa ka jiƙa."

"Makuba launinta ɗaya ne, Goggo."

"To bi launukanka kwata ka kwaso."

Na ji haushi, amma na tafi. Ɗorawa ta nuna a lokacin, ruwa kuma ya ɗan ɗauke. Tunda ba launi, sai na kwaɓa laka na tayar da zanen a jikin bango, kaurin yatsa biyu, na bi shi da ruwan makuba har sau uku. Goggo tana ƙasa tana tsawa: "Bai sha ba! Ƙara masa!" Da hantsi ya dake shi, kowane layi ya fitar da inuwarsa, zanen ya fi na farko fitowa daga nesa.

Ruwa ya dawo da iska mai ƙarfi. Yana tsagaitawa na je na goga tafin hannu a bangon, na duba. Ba ko ɗigon laka.

Maigidan ya fito ya tsaya kusa da ni, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Akwai bangon kudu. Yaushe za ka fara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in ga ko ɗorawa ta rage a daji."