Ledar da Na Shimfiɗa wa Inna

Tun da na dawo 'yan ofis ke yi mini sannu da ƙoƙari, wai na je Katsina na gyara wa mahaifiyata ɗaki. Don Allah a daina. Ɓarna na je na yi, kuma a gaban baƙuwa. Gara in faɗa da bakina kafin wadda muka je tare ta gaji da rufa mini asiri.

Mun tashi da asuba daga Kaduna ranar Alhamis, ni da ƙawata da muke buga tafireta a ofis ɗaya. 'Yar kudancin Zariya ce, Kirista, ba ta taɓa zuwa Katsina ba. Wata guda kafin nan na aika wa Inna wasiƙa cewa ina tafe da baƙuwa. Tun da na aika hankalina bai kwanta ba, don na san ɗakin: ƙasa a ƙasa, faya-fayai a bango, jeren kwanuka har rufi. Sai na ga wata mujalla a gidan matar ogammu, an nuna yadda mace za ta ƙawata ɗaki da hannunta a arha. Da ƙarin albashin nan ya shigo na sayi naɗin leda mai jan fure, da furen roba, da kalanda biyu, da ƙullin ƙusa.

Direban Fijo ya ce ledar kujerar mutum guda za ta ci. Muka yi ta ja, ƙarshe ya ɗaure ta a sama kamar gawa. Hanya kuwa ba a magana, tireloli ne bayan tireloli, duk siminti, kai ka ce ƙasar nan gaba ɗaya za a shafe. A Funtuwa muka karya da waina da miyar taushe. Ƙwan da ake ba mu uku sule bara, yanzu ɗaya ne, mai tallan ma tana yi maka kallon ta taimake ka. Bayan Malumfashi zafi ya buɗe, ƙawata ta yi barci, ni ina ta leƙa taga kada leda ta faɗi. Azahar ta gota muka shiga ta Ƙofar Kwaya, muka ɗauki mai kura ya turo kayan har Ƙofar Sauri.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakar mini fuska a gaban mutane. Ƙawata Inna ta tarba, ta yi ta jero mata gaisuwa, ta kawo mata fura mai sanyi. Ni kuwa ko kallo. "An iso?" ta ce, tana duban randa. Na saba.

Da muka shiga ɗakin, ƙasan ya yi duhu, sumul, yana ɗaukar ido, ga ƙanshin makuba. Ƙawata ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta shafa. Ta ce mini, "Ke, wannan daɓen sabo ne fa. Da sauran sanyi a jikinsa." Na ce sabo ko tsoho, ƙasa dai ce. Ban ko huta ba na fitar da gado da tabarmi, na sauke faya-fayai na cusa a buhu, na warware leda. Gefenta ya ƙi kwanciya, sai na bi shi da ƙusa ina bugawa da taɓarya, tun daga bakin ƙofa har ƙurya. Inna na tsaye a waje. Abin da ta ce kawai, "A bari ya sha iska mana." Na ce, "Inna, ku dai ku bari ku gani, haka ake yi yanzu."

Ran Juma'a na kai ƙawata Babbar Kasuwa. Ta sayi takalmin fata da kuka da daddawa, ta ce Hausar Katsinawa kamar suna yi mata faɗa cikin ladabi. Asabar muka zaga ganuwa, muka ci tsire da bai kai kuɗinsa ba. Ina ta jin daɗi, ɗakimmu ya zama na 'yan boko. Wani ɗan wari da na fara ji na ɗora wa bazara.

Lahadi da hantsi mata suka yi sallama, su bakwai, da Gwaggo a gaba, wato yayar mahaifina. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi Kaduna da mutanenta. Sai Gwaggo ta ce bari su ga yadda aikinsu ya bushe. Ta ɗaga labule. Ta daɗe a tsaye.

"Mi ne ne wannan?"

Na ce leda ce, Gwaggo, daga Kaduna.

"Na ga leda, ba makauniya ba ce ni. Da ƙusa kika kafe ta?"

Ta buɗe mini tafin hannunta. Duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Ta ce tun ranar da aka karanta mata wasiƙata Inna take bin gidaje tana gayya. Ita da kanta ta yi ta ɗauko tsakuwa a ka, ta jiƙa makuba, ta yi wa mata tuwo. Ranar Talata suka wuni durƙushe da madaɓi suna bugu suna waƙa. "Uwarki ta ce ɗiyar nan za ta zo da baƙuwa, kada ta ji kunya. Ke kin san ba ta iya faɗa maki. Shi ya sa ta faɗa da ƙasa."

Wata daga baya ta ce, "Ashe aikimmu abin ɓoyewa ne." Suka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Inna ta shige madafa, wai za ta duba wuta. Babu komai a kan murhu.

Da suka tafi na ciro ƙusoshin. Ledar ta taso da fatar daɓen manne a bayanta. Ƙasa ta yi funfuna fari fat, kowace ƙusa ta bar tsaga kamar sawun kaza. Ƙawata ba ta ce ai na faɗa miki ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ita ta taya ni mayar da faya-fayan. Inna ta shigo tana nuna mata gurbin kowanne: wannan na wance ne, ta saƙa da aka haifi ɗiyar nan, Allah Ya ji ƙanta. Ita take gaya wa, amma na san da wa take.

Da la'asar na je gidan Gwaggo na durƙusa. Na ce zan biya a sake. Ta ce, "Ki biya wa? Mu 'yan ƙwadago ne? Uwarki ba ta da fuskar sake gayya bana. In kina so, ke za ki bi gidajen, ki kuma riƙa madaɓi tare da mu."

Litinin muka juyo. Hanyar nan dai ce, siminti da ƙura, amma ban ga komai ba. Inna ta ƙulla wa ƙawata kuɓewa busasshiya, ta ce ta gaida mutan gida. Ni ta ce, "A sauka lafiya," tana duban randa. Wannan karon na ji abin da ke ciki.

Abin da na koyo bai da yawa: shekara biyar na yi a sakandare, ina buga wasiƙar Turanci ba kuskure, amma aka rubuta mini saƙo a ƙasan ɗaki na kasa karantawa, har na bi shi da ƙusa.

Na riga na rubuta takardar neman hutu na ƙarshen wata. Gida bakwai zan shiga, ɗaya bayan ɗaya, in ba da haƙuri in yi gayya da bakina. Tsakuwar ni zan ɗauko. Na yanke farce tun jiya. Ledar kuma tana can a zauren Inna, mai so ya je ya ɗauka.