Abin Mamaki a Takardar Safiya

"Yabo ne fa, ya haj," in ji shugaban sashen da 'yata ke karatu, yana turo mini takardar.

Shaida ce ya rubuta wa 'yata Safiya da Turanci, za ta nemi gurbin ƙaro karatun jinya. Kalmar farko "surprisingly", wato abin mamaki, wai Safiya ce ta ɗaya a ajinsu.

Na ce, "Ustaz, ɗan Turancin da na karanta, ba a sa wannan kalma sai inda ba a yi tsammani ba. Me ya ba ka mamaki? Sammakon da take yi kullum daga can unguwarmu Kalakla, ko Hausar da ka ji muna yi a bakin ƙofa?"

Ya ce ba ya sake rubutu, mu ɗauka ko mu bari. Jibi ake rufe karɓa.

Na dubi Safiya, don gurbin nata ne. Ta mayar masa da takardarsa.

"Yaba," ta ce mini, don haka take kirana, "tashi mu tafi. Zan tura sakamakona haka nan."

A ƙasar nan, a Omdurman, aka binne kakana, amma har yau ƙoƙarinmu mu Hausawa mamaki yake ba wasu. Ku ne, za ku karɓa?