Jakin da Ya Koma Ludayi

Akwai wani ludayin dalma gidanmu, karkatacce, in ka ɗebi miya da shi rabi ke komawa tukunya. Shekaranjiya matata ta jefa shi cikin tarkacen da za ta ba masu sayen tsohon ƙarfe. Na tsamo shi, na goge da rigata, na ce mata in wuri ya yi mata kaɗan ta jefar da ni ta bar ludayin. Ta ce ai ni ma na karkace. To ku bari in gaya maku abin da ban gaya mata ba. Ludayin ga jaki ne. Tun shina da kunnuwa na san shi.

Lokacin ana ce ma ƙasar ga Dahomai, soja kuwa ba su da aiki sai kifar da juna can Kotonu. Mu nan Malanbil sai dai mu iske an canza hoton shugaban ƙasa da ke bangon aji. Ni hannun kakata nake, uwar babana, ita ta riƙe ni tun ina rarrafe. Ba ta kirana da suna, sai maigida, ni kuma in ce mata amarya. In na ƙi cin tuwo ta ce za ta sake ni ta auri mai jirgin da ke ƙetare gulbi zuwa Gaya.

Da anka sa ni lakwal, wato makarantar boko, malamin da munka samu, mushe muke ce mashi, mutumin kudu ne, mai tsaga a gashi da takalmi mai ƙara. Ya zo da wani abu da ake ce ma sambol. Dalma ce falle ɗaya, awa tahin hannun yaro, an hitar da kan jaki bisa, an ɗaura igiya. Duk wanda bakinshi ya kuɓuce ya yi Hausa ko Dandanci ko Hillanci maimakon Faransanci cikin shingen lakwal, a rataya mashi. Da shi zai tahi gida, da shi zai dawo, sai ya kama wani ya miƙa. Wanda azahar ɗin Asabar ta iske da jaki a wuya, bulala. Ni da jakin ga mun saba har in babu shi wuyana sanyi yake ji.

Bulala ba ta dame ni ba, bayana ya riga ya yi kanta. Abin da ya tsaya mani a rai wata Juma'a ce cikin bazara, zahi har yashi na ƙona ƙafa. Da ƙyar na samu na maƙala ma wani yaro jakin, ina murna gobe bayana zai huta. Sai ga kakata bakin shinge lokacin hutun hantsi, da kwanon ɗumame, don na hita ban ci komai ba. Ta ɗaga murya: “Maigida!” Mushe na tsaye inuwar aji shina kallona, in na amsa jaki ya dawo wuyana. Na sadda kai. Ta sake kira. Ta yi na uku, muryar ta yi ƙasa. Yara sunka kwashe da dariya, mushe ya kaɗa mata hannu yadda ake korar kaji. Ta aje kwanon cikin yashi ta juya, kuma har ta sha kwana ba ta waiwayo ba.

Kwana uku ba ta yi mani magana ba. Akuya take gaya ma saƙo. Ta ce, “Ke, gaya ma Nasaran gidan ga tuwonshi na nan.” Na ci tuwon nan da hawaye, na kuma rantse sai mushe ya san ya taɓa ni.

Ran Litinin da gangan na tsaya tsakiyar aji na yi hamma na ce wash Allah. Anka rataya mani. Na ji daɗi, don na daɗe ina leƙen masu zubin tukwane bayan kasuwa, na ga yadda suke danna abu cikin yashi su zuba dalma ya hito da ɗan'uwanshi. Na ce wanga ai wasan yara ne. Tun da jaki ɗaya ke tsorata mu, ni zan sa shi ya haihu.

Da la'asar na ɗebo yashi bakin gulbi, jiƙaƙƙe sharkaf. Na danna jaki cikinshi bayan ɗaki, na saci cokulan kakata biyu na sa cikin gwangwanin tumatir bisa gawayi, na yi ta hihita har hannuna ya mutu. Da dalmar ta narke tana rawa awa ƙwai cikin kasko, na kama da itace biyu na zuba. Wallahi ban ga komai ba sai tas! Yashin ya tofo mani ita. Har yau tabon na nan ga ƙwabrina, matata ta ɗauka salansar babur ce.

Ihuna ya hito da kakata. Ta danna ƙafata cikin randa tana zagina, ni kuwa daɗi nake ji, don dai ta yi mani magana. Na gaya mata komai. Ta ɗauki jakin da ya faɗi gefe ta juya shi ta juya.

“Wanga ne ya hana ka amsa mani?”

Na ce shi ne. Ta shiga ɗaki ta hito da tsohuwar tukunyarta ta dalma da ta tsage, ta ce in tashi, ko da ɗingishi.

Wurin wani tsoho mai zubi ta kai ni, mutumin Argungu, rumfarshi na warin gawayi da ƙonannen yashi. Da ya ji labari ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce ba zai yi mani ba, wanda anka ci ma mutunci shi ke zubi da hannunshi. Ya sa na tankaɗe yashi da 'yar laka, ya ce in damƙa. In ya riƙe sawun yatsu bai jiƙa tahin hannu ba, ya yi. In ya jiƙa, to ka sayi wuta. Ya nuna mani yadda ake daɓe shi cikin akwati, a barbaɗa toka, a danna jaki, a cire shi tsaye ba rawar hannu. Munka fasa tukunya da guduma, ya ce kowane guntu sai ya ji wuta gefe ya bushe kahin ya shiga kasko. Ni ke jan zugazugi, ni ke kwashe dattin da ke tasowa bisa. Wurin zubi kuwa ya ce kada in tsaya, ko kunama ta hau ni.

Na farko ya hito ba kunne ko ɗaya. Tsohon ya ɗaga shi ya ce, “Hajiya, jikanki ya haihi kwaɗo.” Na biyu da kunne guda. Sai ran Laraba hannuna ya zauna. Duk makon ban farauci kowa ba, na riƙe jakina, ana tashi lakwal in zarce rumfa. Ran Juma'a muna da sha huɗu. Na huda su da ƙusa, na goga masu baƙin tukunya, kakata ta tuƙa igiyoyi ta tattake su cikin ƙasa don su tsufa. Na raba ma duk wanda na san bayanshi na da tabo, kowa ya ɓoye cikin riga.

Asabar da azahar mushe ya ɗauko bulala, ya tambayi wa ke da sambol. Na tashi. Na bayana ya tashi. Na gefe ya tashi. Mutum sha biyar tsaye, kowa da jaki na lilo a ƙirji. Ya bi mu ɗaya ɗaya shina juya jakuna, zufa na bin tsagar kanshi. Wani ya kasa riƙe dariya. Nan hushi ya kwashe shi, ya buga bulala bisa tebur, bakinshi ya ɓalle da yarensu na kudu, tiryan-tiryan, ba ko kalmar Faransanci guda.

Na cire nawa, wanda shi ne na ainihi, na taka har gabanshi na aje bisa littahinshi. Da ɗan Faransancin da ya dasa mani da bulala na ce mashi ya yi yare.

Ya jefa jakin ta taga. Dukan da na sha ranar ba ni hwatan shi ga kowa, kuma daga shi lakwal ta ƙare mani, ya ce kada ya sake ganin ƙafata. Na hito ina tangaɗi. Kakata na bakin shinge, ta zo da 'yar kujerarta tun hantsi, jakin da mushe ya jefo ta taga na hannunta. Ban jira na ƙetare shinge ba. Daga ciki, yadda har ajin ƙarshe za su ji, na ce, “Amarya, ina wuni!”

Ta ce, “Lahiya lau, maigida. Mu tahi gida.”

Ita ta sa na narke shi da guntun tukunyar da ya rage, na zuba ludayin ga. Ta ce sai ya sha miyar kuka har ya iya gaisuwa. Da shi ta yi ta kwasar miya har Allah ya karɓi abinshi.

Yanzu lodin albasa nake tasha, takarda in ta wuce layi biyu sai na nemi mai karanta mani. Ranar da ba lodi nakan hura gawayi in zuba 'yan cokula don nishaɗi. Jakin lakwal kuwa an daina, don ba a bukatar shi. Ɗan maƙwabcina kakarshi ke gaishe shi ya amsa da Faransanci, ubanshi na washe baki shina cewa yaro ya waye. Mushe ban san inda ya ƙare ba, kuma kada wani ya zo mani da wa'azin yafiya, ban kai nan ba tukuna. Ludayin na mayar da shi madafa. Yau da rana ma na tsaya bisa kan matata sai da ta tsoma shi cikin miya tana tafasa.